Jirgin Jos zuwa Bukur da Kuru: a dogara da shi ko a dakata tukuna?

Hajiya Asabe:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema a kan abu biyu. Yaran shagona uku a Bukur suke kwana, kullum sai an ba su kuɗin mota zuwa Taminus, kasuwar tsakiyar Jos inda tashar jirgi take, da na komawa, ga dilar gwanjo da ake kai wa ƙaramin shagonmu na can sau biyu a mako. Tunda an dawo da jirgi a layin Kuru, in mayar da su jirgin ne ko in bari tukuna? Na biyu, an yi mini tayin shago a bakin layi, hayarsa rabin ta cikin kasuwa. Masu sanin harkar reluwe a taimaka.

Bitrus:
Sannu Hajiya. Na biyun dai ko gani kada ki je.

Ɗanliti:
Rabin kuɗi? Mai shagon ya fara jin odar jirgi da asuba ke nan.

Injiniya Hauwa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in ɗauki na farkon, don lissafi ne kawai. Layin ɗaya ne, ba biyu ba, saboda haka jirgin da ya tafi shi ne zai dawo. Daga Taminus zuwa Bukur kamar kilomita 15 ne. Layin da ya daɗe a kwance ba a barin direba ya wuce gudun kilomita 25 zuwa 30 a awa a kansa, wuraren da ake shakka kuwa, kamar kan gada ko inda titin mota ya ratsa, a sauko zuwa 10 ko 15. To ki sa minti 35 zuwa 45 ke nan har da tsaye-tsaye. In ya zarce Kuru ya sauke mutane, sai an kwance kan jirgin, a zagaya da shi ta layin gefe, a ɗaure shi a ɗaya ƙarshen, a sake gwada birki. Wannan kaɗai yana cin minti 15 zuwa 20. Zuwa da dawowa ɗaya zai haura awa biyu. Ma'ana da safe sawu ɗaya ne mai amfani ga mai buɗe shago, in yaro ya makara da minti biyar babu wani a bayansa.

Matsalar ma ta yamma ce. Ke sai bayan magariba kike rufewa, jiragen irin wannan layi kuwa an fi son su gama da sauran haske saboda mararraba, wato inda titin mota ya ratsa layi, da masu tsallaka layi. Ki tura yaro ɗaya tasha ya kwafo lokutan da ke kan allo da kuɗin tikiti na wannan makon, kada ki yi aiki da abin da aka ce an ce. Sannan ki gwada da yaro ɗaya na mako biyu, kuɗin mota na aljihunsa ko da jirgin bai zo ba, ya riƙa rubuta lokacin da ya tashi da lokacin da ya iso. In a kwana goma ya makara fiye da sau biyu, bai isa a ɗora masa buɗe shago ba.

Hajiya Asabe:
Na gode Injiniya, Allah ya ƙara basira. Dilar fa?

Injiniya Hauwa:
Dila mai kilo 45 ko 55 za ta shiga, mai kilo 100 ƙofar taragon fasinja ba za ta karɓe ta da daɗi ba, kuma inda babu dandamali matakalar tana da tsawo. A tambayi shugaban tasha ko akwai wurin kaya a taragon gadi, wato ma'aikacin da ke kula da jirgin a kan hanya, a biya a karɓi rasit. Amma ki haɗa da kuɗin baro sau biyu, daga shago zuwa tasha, daga tasha zuwa shago. Keke kuwa ƙofa zuwa ƙofa ne. A dila ɗaya ko biyu ba na jin za ki ga riba.

Baba Sale:
Hauwa ta yi bayanin tafiya. Ni kuma ƙasan jirgin nake so a duba, don nan ake cin amanar mutane, kuma abin yana ɓata mini rai.

Abin da ɗan kwangila marar tsoron Allah yake yi in an ce a farfaɗo da layi sananne ne. A sare ciyawa, a zuba sabuwar tsakuwa a sama daidai inda ido ke gani daga titi, a shafa wa tasha fenti, a kawo manya su hau zuwa tasha ta gaba a dawo. Ranar ba abin da zai faru, domin rani ne kuma a hankali ake tafiya. Damina ta farko ce take tona asiri.

Layin dogo ruwa ne ke kashe shi kafin komai. Tsakuwar da ke ƙarƙashin silifa, wato ƙarafa ko katakan da dogo ke kwance a kansu, aikinta biyu ne: ta ɗauki nauyi, ta kuma bar ruwa ya wuce. Ana son kaurinta a ƙarƙashin silifa ya kai santimita 20 zuwa 30, dutse fasasshe mai kaifi-kaifi, girmansa tsakanin santimita 3 da 6. Ba tsakuwar rafi mai sulɓi ba, wannan mirginawa take yi, ba ta riƙe komai. In layi ya yi shekaru ba a taɓa shi ba, ƙura da jar ƙasa da saiwar ciyawa da shara sun cike tsakanin duwatsun. Ruwa ya sauka ya rasa hanya. Jirgi in ya taka, silifa ta nutse ta taso, ta nutse ta taso, tana tsotso taɓo daga ƙasa. Alamarsa a fili take, za ka ga feshin laka ya bushe a jikin silifa da gefen dogo. Duk inda ka ga haka, zuba sabuwar tsakuwa a kai asarar kuɗi ce. Sai an tone ta har ƙasa, a tankaɗe da cokalin tsakuwa, a zubar da ƙasar nesa da layi, a mayar, a cusa ta ƙarƙashin silifa a daddale.

Kafin wannan ma, lambatu. Dole magudanar gefe ta fi gindin tsakuwar zurfi, in ba haka ba ruwa zai koma cikin layi. Kwalbatocin da ke cikin gari kuwa kowa ya san abin da suka zama, juji. Kwalbati ɗaya in ya toshe a ruwan Yuli ko Agusta, ruwa ya taru a gefe ɗaya na tudun layi, ya jiƙa shi, cikin dare ɗaya ya tafi da ƙasar. Da safe dogo yana nan a miƙe, silifa na rataye a iska, daga kujerar direba ba a gane wa sai an zo kai.

Sai silifa kanta. A kilomita ɗaya akwai kamar 1,400 zuwa 1,600, tazarar santimita 60 zuwa 70 tsakaninsu. Ta ƙarfe, wadda ta fi yawa a tsofaffin layukanmu, kamar komin dabbobi take a kife, dole cikinta ya cika da tsakuwa. A buga mata guduma, in ta yi ƙarar fanko ba a cusa mata komai ba. Tsatsa kuma daidai mazaunin dogo take cinta, inda ido ba ya kaiwa. Ta katako, wadda ake samu a kan gada da wurin sauya layi, gara ke cinye cikinta ta bar bayan lafiya ƙalau. Gwajin mai sauƙi ne: in ƙusar da ta riƙe dogo ta motsa da hannu, wannan katakon ya gama aiki. Ɗaya ruɓaɓɓe a tsakanin masu kyau ba ya kayar da jirgi. Uku ko huɗu a jere, musamman a kwana, shi ne dogo ke buɗewa. Faɗin layin nan milimita 1,067 ne daga cikin dogo zuwa cikin dogo. In ƙarin ya doshi santimita 3, ƙafar jirgi na gab da faɗawa tsakiya. Kuma ma'aunin da aka ɗauka babu nauyi a kai yana ruɗi, sai a duba ko akwai shaidar gogewa a kan silifa, wadda ke nuna dogon yana matsawa waje in jirgi ya hau.

Na ƙarshe, mahaɗa. Inda dogo biyu suka haɗu akwai faranti biyu da noti huɗu, wasu shida, da ɗan gibi na 'yan milimita. Gibin nan ba kuskure ba ne. Dogo mai tsawon mita 12 yana ƙaruwa da kamar milimita 4 in zafinsa ya tashi da digiri 30, kuma a garin nan tsakanin sanyin asubar hunturu da ranar watan Maris an wuce haka, don ƙarfe a rana ya fi iska zafi nesa. Shi ya sa ake kwance farantan a shafa musu baƙin mai a mayar, aƙalla sau ɗaya a shekara. In tsatsa ta kama su, da zafi layi ya rasa inda zai miƙe sai ya lanƙwashe gefe, da sanyi kuma ya ja ya tsinke noti.

Duk wannan ba aikin rana ɗaya ba ne. Ana bukatar mutum ya taka layin da ƙafa kowace safiya kafin jirgin farko, kilomita 5 zuwa 8 kowane mutum, da guduma da sifana da jar tuta. Hajiya, in kina son sanin ko layi na da lafiya, kada ki dubi fentin tasha. Ki tambayi masu shaguna a bakin layi ko suna ganin mai duba layi da sassafe.

Bitrus:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Wannan ai darasi ne kyauta.

Ɗanliti:
Baba ya tsorata ni, na fasa. Ƙafata ta ishe ni.

Baba Sale:
Ban ce kada a hau ba, Ɗanliti. A gudun kilomita 25 ko jirgi ya sauka daga layi yawanci tsayawa yake yi a kan tsakuwa. Motocin da kuke cusa kanku ciki a hanyar Bukur sun fi shi haɗari. Cewa na yi a riƙa kula da shi, in ba haka ba wata shida ya sake kwanciya.

Alhaji Musa:
Ni duk wannan facin ban ga amfaninsa ba. A tumɓuke tsohon a shimfiɗa irin na Abuja zuwa Kaduna a huta.

Injiniya Hauwa:
Alhaji ba a sa sabon faɗi a kan tsohuwar hanya haka kawai. Na Abuja zuwa Kaduna, daga Idu zuwa Rigasa, kilomita 186, faɗinsa milimita 1,435 ne, kuma sabuwar hanya aka fasa masa kafin a buɗe shi a 2016. Namu 1,067. Bambancin ba a tazarar dogo kaɗai yake ba. Mai faɗin yana son kwana mai sauƙi, gadoji masu ɗaukar nauyi fiye da waɗannan, tudu mai faɗi. A cikin Jos wannan na nufin rusau da biyan diyya. Kuma a tafiyar kilomita 15 mai tsaye-tsaye, gudun 100 ba shi da inda zai yi amfani. Tsohon faɗin in an gyara shi sosai yana ɗaukar 60 zuwa 80 lafiya lau. Afirka ta Kudu da Japan da shi suke jigilar mutanen birane har gobe.

Alhaji Musa:
To su suna gyarawa. Mu fa?

Injiniya Hauwa:
Wanda bai share lambatun tsohon layi ba, ba zai share na sabo ba. Jirgin cikin garin Abuja sabo ne fil, an buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, bai dawo ba sai 2024 bayan an sake kashe kuɗi a gyaran abin da ɓarayi suka lalata.

Mama Rifkatu:
Ni tambayata, in an gyara wannan me zai hana a dawo da na Zariya? Iyayenmu suna ba da labarinsa.

Malam Tanko:
Mama wancan ya tafi ke nan. Ƙaramin layi ne, faɗinsa ƙafa biyu da rabi, milimita 762. Saboda kuza aka gina shi daga Zariya, ya iso nan a 1914, aka rufe shi a 1957 aka kwashe ƙarafan. Abin da ya rage sai tsofaffin kawunan jirgin da ke ajiye a gidan tarihi na Jos. Wanda muke magana a kai daban ne, shi ne ya hauro daga Kafanchan ya iso Jos a 1927, ya haɗa mu da Fatakwal, kwal na hawowa daga Inugu, kuza na gangarawa.

Alhaji Musa:
Malam ka haɗa su ne. Jirgi bai zo Jos ba sai bayan 'yancin kai, lokacin da aka yi na Maiduguri.

Malam Tanko:
A'a Alhaji, ranka ya daɗe. Na Maiduguri ne na baya. Daga Kuru aka tsaga shi, aka fara a 1958, ya kai Bauchi a 1961, Gombe 1963, Maiduguri 1964. Tun daga lokacin ne guntun Kuru zuwa Jos ya zama reshe, babban layi ya wuce gabas ya bar mu a gefe. Shi ya sa jirgin da ya shigo Taminus dole ya juyo, babu gaba.

Alhaji Musa:
To na ji. Amma ban yarda da 1914 ɗin ba.

Ɗanliti:
Alhaji kana nan ne lokacin?

Alhaji Musa:
Kai yaro ka kiyaye ni.

Direba Audu:
Ku bar tarihi ku zo mararraba, don nan ne ake mutuwa, ba a cikin tarago ba. Mutanen da suka shekara suna tsallaka layi babu jirgi sun daina waiwaye. Yara da yawa a unguwar Dogon Ƙarfe sun girma ba su taɓa ganin abu na tafiya a kan ƙarfen ba.

Jirgi mai taragu huɗu ko biyar a gudun kilomita 40 yana bukatar mita 150 zuwa 200 kafin ya tsaya, in dogo a bushe yake. Ƙarfe ne a kan ƙarfe, ba taya a kan kwalta ba. In an yi yayyafi, ko akwai tsatsa, ko ƙafafun sun murƙushe ɗanyar ciyawa a kan dogo, sai ya ƙaru sosai. Shi ya sa kan jirgi yake da akwatin yashi da ke zuba a gaban ƙafa, kuma dole yashin ya zama busasshe tankaɗaɗɗe, jiƙaƙƙe toshe bututun yake yi. A layin da aka sake buɗewa, tsatsar kan dogo ba ta gogewa sai an yi ta bi.

Tsofaffin taragun reluwe birkinsu na zuƙe iska ne, sababbin da aka shigo da su kuma na matsa iska. Kowanne dai bututu ɗaya ne ya bi jirgin daga kai har wutsiya, da tiyon roba tsakanin tarago da tarago. Taragon da ya daɗe a ajiye, robar nan ta bushe ta tsattsage, iska na yoyo, birki ya riƙa kamawa da kansa ko ya ƙi sakin ƙafa. Ƙafar da ta ja a kan dogo ba ta juyawa sai ta yi fili a gefe ɗaya, shi ne ƙarar da za ku ji tana bugawa a kai a kai. Kafin kowane tashi, da kuma duk lokacin da aka kwance kai aka sake ɗaurawa, gadi zai je taragon ƙarshe a gwada a ga birkin ya kai can. In kun ga ana wannan kada ku yi ta ihun a tafi.

A mararraba kuma akwai kwarmin da ke gefen dogo ta ciki, inda leɓen ƙafar jirgi ke bi, faɗinsa da zurfinsa kamar santimita 5. Yashin da tifa ke zubarwa da kwaltar masu facin titi suna cike shi. In ya cika ya daskare, yana iya ɗaga ƙafa daga kan dogo. Mai gadin mararraba aikinsa ne ya kwashe shi kullum da ƙarfe, ba riƙe tuta kawai ba.

Masu mota: kada ka hau layi sai ka ga akwai wurin da motarka za ta fita gaba ɗaya a ɗaya gefen. A cunkoso ake maƙalewa. In mota ta mutu a kai, a fitar da mutane tukuna, kada a tsaya turawa da su a ciki. A tura mutum da jan ƙyalle ya yi gudu ta gefen layi wajen da jirgi zai fito, aƙalla mita 300. Sauran su matsa nesa da layi ta ɓangaren da jirgin ke zuwa, domin in ya bugi motar gaba zai watsa ta.

Mama Rifkatu:
Wannan na ƙarshen ban taɓa sani ba. Zan karanta wa 'yan keken unguwarmu.

Bitrus:
A ƙara da masu sa abin jin waƙa a kunne suna tafiya a tsakiyar layi.

Ɗanliti:
Da awakin Bukur. Su wa zai karanta musu?

Alhaji Musa:
Duk surutu ne in ba a kama ɓarayin ƙarfe ba. 'Yan gwangwan da masu walda su ne suka cinye layin ƙasar nan.

Garba Mai Walda:
Alhaji a yi adalci. Mai walda ba ya sayen dogo, me zai yi da shi? Ƙarfe ne mai tauri, ba ya yankuwa da daɗi, waldarsa kuma tsagewa take yi in ba a gasa shi ba. Masu yanka shi da iskar gas cikin dare tirela suke lodawa zuwa kamfanonin narka ƙarfe. Wanda ke da tirela da takardar bogi ba yaron da ke tura baro ba ne.

Abin da ƙananan ɓarayi ke ɗauka shi ne maƙalan da ke riƙe dogo a kan silifa da notin mahaɗa, don suna shiga buhu. Kuma wannan ya fi haɗari, saboda dogon da aka ɗauke kowa zai gani, amma maƙalai ashirin da suka ɓace a jere ba mai lura sai mai tafiya a ƙasa. Maganin da ake yi shi ne a ɗan ɗiga walda a bakin zaren noti bayan an ɗaure, yadda sifana ba za ta kwance shi ba. A kan zaren kawai, kada wuta ta taɓa jikin dogo, tabon walda a dogo nan tsaga ke farawa.

Baba Sale:
Garba ya faɗi daidai. Illarsa ɗaya, ranar shafa mai sai an yanke notin an sa sabo. Amma gara sayen noti da ɗaga tarago.

Alhaji Musa:
Ban ce kai ba Garba.

Garba Mai Walda:
Ka ce masu walda, Alhaji. Ni kuma mai walda ne.

Malam Tanko:
A yi haƙuri a bar shi haka. Wani abin da ba a ambata ba shi ne masu haƙar kuza ta bayan fage wajen Bukur da Kuru. Rami kusa da tudun layi yana janye ƙasa a hankali, ga tsofaffin kududdufan haƙa da ke riƙe ruwa shekara da shekaru. Wannan sai masu unguwanni sun sa baki, ma'aikacin reluwe shi kaɗai ba zai iya korar kowa ba.

Bitrus:
Tambaya: yanzu jirgin na jiha ne ko na tarayya? In abu ya lalace wa za a kama?

Injiniya Hauwa:
Layi da kawunan jirgi da ma'aikata na hukumar jiragen ƙasa ta tarayya ne, wadda aka kafa tun 1955. Gwamnatin jiha ta shigo ne bayan cire tallafin mai a 2023 don a sauƙaƙa wa mutane sufuri. A watan Maris na shekarar ne kuma aka gyara tsarin mulki, jihohi suka samu damar yin harkar jirgin ƙasa. Inda irin wannan haɗin gwiwa ke yin tuntuɓe shi ne kuɗin yau da kullum: man dizal, albashin masu gadin mararraba, leburorin layi. Kuɗin tikiti mai rahusa ba ya biyan waɗannan ko da taragu huɗu masu kujeru tamanin-tamanin sun cika maƙil. In ba a ware musu kaso a kasafin kowace shekara ba, ranar da mai ya yanke jirgi ya tsaya.

Alhaji Musa:
Da za a kai shi Kafanchan da ya biya kansa da kaya.

Baba Sale:
Kaya ne ke biyan layi, wannan gaskiya ne. Amma daga Kuru zuwa Kafanchan gangarar dutse ce ta wajen Kagoro, kwana a kan kwana, da gadoji. Kowace gada sai an duba ƙafafunta ko ruwa ya ci gindinsu, a duba ƙarfen da mazauninsa, a canza katakan kai. A gangara irin wannan ba a wasa da birki. Aikin layin gabas da aka ƙaddamar a 2021 daga Fatakwal ya fara, guntun Fatakwal zuwa Aba ne ya fara aiki a 2024. Da sauran tafiya kafin ya hauro mana.

Mama Rifkatu:
Masu dankali daga Bokkos da Mangu da za su sauke a Mararrabar Jama'a su ɗora a jirgi a Kuru ai da sun huta.

Direba Audu:
Ba za su yi ba Mama. Motar da ta taso daga Bokkos ta riga ta ci yawancin hanyar. A sauke, a loda, a sake saukewa a Taminus, a nemi wata motar zuwa kasuwar Farin Gada, kowane ɗauki da kuɗinsa, kuma dankali yana ƙujewa. Jirgi yana cin riba ne a doguwar tafiya da kaya mai nauyi, siminti, taki, hatsi.

Hajiya Asabe:
Jama'a an tafi Kafanchan an bar ni a bakin layi da shagona.

Ɗanliti:
Hajiya ai Bitrus ya gama miki tun farko.

Bitrus:
Bari in faɗi dalili. Filin da ke gefen layi na reluwe ne. Takardar da mai shago zai nuna miki, ko ta mai unguwa, ba ta hana rusau. Ki ce ya kawo takardar haya daga ofishin kula da kadarorin reluwe, da sunansa, da rasit na bana, ki kai ofishin da kanki a tabbatar. In ya fara kame-kame kin samu amsa. Kuma kada ki biya shekara biyu a dunƙule ko da takardar ta yi kyau.

Direba Audu:
Ki kuma je da abin awo. Mutane suna ganin in sun kauce wa dogo sun tsira. Dogon faɗinsa mita ɗaya da 'yan kai, taragon da ke kansa ya doshi mita uku, wato yana leƙowa kusan mita guda ta kowane gefe, a kwana ma ya fi. Rumfa, lema, teburin da ake fitarwa da safe, duk a lissafa. Mai sayen gwanjo kuma baya yake juya wa layi yana ɗaga riga.

Baba Sale:
Ki duba bayan shagon ma. In an gina shi a kan lambatun layi ne, ko ba a rushe shi don komai ba za a rushe shi don wannan, kuma kafin nan ruwan Agusta a cikin dilolinki zai kwana.

Hajiya Asabe:
To na ji. Gobe zan tura Sani tasha ya kwafo lokutan, shagon kuma zan nemi takardar.

Injiniya Hauwa:
In ya je ya tambaya har da Asabar da Lahadi, sau da yawa jadawalin ƙarshen mako daban ne. Ya ɗauko hoton allon ya sa mana a nan.

Alhaji Musa:
Malam Tanko, ina jiran hujjar 1914 ɗin nan.

Malam Tanko:
Gidan tarihi na nan kusa da gidan namun daji, Alhaji. Asabar in ka shirya ni zan biya kuɗin shiga.